Mudu Biyu a Kasuwa Ɗaya: Amana a Wasan Agents of S.H.I.E.L.D.

Daga shekarar 2013 zuwa 2020 gidan talabijin na ABC da ke Amurka ya nuna wani wasan kwaikwayo mai suna Agents of S.H.I.E.L.D., zango 7, kashi 136. Ƙagaggen labari ne na wata ƙungiyar leƙen asiri wadda aikinta shi ne ta shiga tsakanin talakan duniya da masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam. In aka tambayi waɗanda suka kalle shi wane ne maci amana a ciki, baki ɗaya za su ce Grant Ward. Mu ma ba mu musa ba. Abin da muke ja da shi shi ne yadda marubutan wasan suka auna amana, domin kuwa mudu biyu suka ajiye, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa.

Laifin Ward a fili yake. A kashi na 17, wanda aka nuna ranar 8 ga Afrilu 2014, ta bayyana cewa ƙungiyar Hydra, wadda aka zaci ta mutu tare da gwamnatin Hitila, ta daɗe tana cin S.H.I.E.L.D. ta ciki kamar gara a azara. Nan take Ward ya harbe shugabarsa Victoria Hand, ya kuɓutar da ubangidansa John Garrett. Daga baya ya kashe Eric Koenig, sannan ya jefa abokan aikinsa Fitz da Simmons cikin teku a kulle cikin akwatin ƙarfe, har Fitz ya sami rauni a ƙwaƙwalwa. Masu kallon da suka tashi kare shi a wancan lokaci, wai an zalunce shi yana yaro, ba ma tare da su. Wahalar ƙuruciya ba ta wanke jini.

Sai dai a lura, cutar Ward biyayya ce da ta wuce gona da iri. Garrett ya tsamo shi daga gidan horon yara bayan ya cinna wa gidansu wuta, ya kai shi daji ya bar shi wata shida shi da wani kare, kuma ranar da ya ga sun shaƙu ya umarce shi da ya harbe karen. Duk wanda ya san yadda ɗan siyasa kan tsinci yaro a tasha ya mai da shi ɗan banga ya san irin wannan raino. Ward bai taɓa yarda da aƙidar Hydra ba, mutum ɗaya ya riƙa, kuma duk abin da mutumin ya ce ya zauna.

To, ina bambancinsa da Melinda May? Ita ma ta shiga jirgin Phil Coulson da fuska biyu, tana da ɓoyayyen layin waya da take kai wa Nick Fury rahoton motsin amininta. Da bakinta ta amsa cewa ita ta tsara irin mutanen da za a ɗauka cikin tawagar, har da gwanin kisa wanda zai taya ta gamawa da Coulson in hankalinsa ya gushe, kuma ta wannan ƙofa Ward ya shigo. Fury kuwa ya fi kowa. Ya sa aka dawo da Coulson daga mutuwa ta wata hanya da shi Coulson ɗin ya taɓa ba da shawara a rufe saboda haɗarinta, aka goge masa abin da ya faru, aka dasa masa mafarkin hutu a tsibirin Tahiti. A ƙarshen zangon sai ga Fury ya sauko a matsayin mai ceto, ya naɗa Coulson shugaba, kowa na murmushi. Za a ce ai May ba ta kashe kowa ba. Haka ne, amma dalili shi ne ba a kai ga ba ta umarnin ba, alhali ta riga ta shirya masa.

Inda wasan ya fi ba mu haushi shi ne zango na biyu, a 2015. A nan wani tsohon jami'i, Robert Gonzales, ya yi tambayar da ta kamata tun farko: yaya ƙungiyar da rufa-rufa ta rusa za ta sake miƙa kanta ga mutum ɗaya mai ɓoye-ɓoye? Shi da mutanensa sun nemi a yi mulki da majalisa, kowa ya san abin da ake ciki. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar bangon S.H.I.E.L.D. ita ce tsarin matakai wanda ya hana na ƙasa tambayar na sama. Me marubutan suka yi da wannan hujja? Sun mai da Bobbi Morse da Mack, mutanen Gonzales, tamkar munafukai a idon mai kallo. Sannan suka nuna cewa asirin da Coulson ke ɓoyewa wani makeken jirgi ne, wanda ya kwashe mutanen Sokovia a fim ɗin Avengers: Age of Ultron. Ke nan ɓoye-ɓoyen ya zama alheri, masu tambaya suka ji kunya. Ba a daɗe ba Jiaying, mahaifiyar Skye, ta kashe Gonzales, magana ta bi shi kabari.

Wannan fa ba tatsuniyar gizo da ƙoƙi ba ce kawai. An fara nuna wasan ne a Satumba 2013, wata uku bayan Edward Snowden ya tona yadda hukumar tsaron Amurka ke tattara bayanan wayoyin jama'a. Kuma hanyar da aka ce Hydra ta shiga ƙungiyar daga tarihi aka aro ta, domin daga 1945 Amurka ta kwashi masana kimiyyar Jamus fiye da 1,600, cikinsu har da Wernher von Braun, ta kau da kai daga abin da wasunsu suka aikata. Wasan da ya san wannan duka, ya koma yana koya mana cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade, ya raina hankalinmu.

A Disamba 2015 Coulson ya murƙushe ƙirjin Ward da hannunsa na ƙarfe a wata duniya mai nisa, Ward na kwance babu makami, don ramuwar kashe masa masoyiya Rosalind Price. Babu kotu, babu wanda ya tuhume shi, ko da yake gawar ta dawo ta zame musu annoba. Sannan a 2017 marubutan suka karya hujjarsu da hannunsu. A cikin duniyar kwamfuta da suka ƙirƙiro a zango na huɗu sun dawo da Ward a matsayin gwarzo, mutumin kirki, har yanzu mai fuska biyu, sai dai yanzu Hydra yake yaudara. Halinsa na nan yadda yake. Abu ɗaya aka sauya a tarihinsa: a wannan karon Victoria Hand, wadda ya harbe a 2014, ita ce ta riga Garrett isa ƙofar gidan horon.