INA LISSAFIN KUƊIN DA AKE KARƁOWA DA SUNANMU?

Ya 'yan'uwana matasa, zan fara da tona wa kaina asiri kafin in taɓa kowa, don kada wani ya ce na hau tudu ina yi wa mutane wa'azi.

A cikin shekarun nan da ɓarayin daji suka fi matsa wa yankinmu, wata ƙungiyar agaji ta zo nan Wagini da farar mota da buhunan hatsi, za ta raba wa matan da suka gudo daga ƙauyuka. Da yake na yi sakandare, sai aka kira ni in rubuta sunaye. Kowace mata in ta zo sai in rubuta sunanta, ta dangwala yatsa, a ɗauke ta hoto a gaban buhu. To amma layin da aka ware don rubuta abin da aka ba kowa, an ce in bar shi haka nan, wai a ofis za a cike. Na tambaya sau ɗaya, aka yi min murmushi, na yi shiru. Da aka tashi aka danƙa min kuɗin shan ruwa, na sa aljihu. Da yamma wata tsohuwa ta tare ni ta ce, "Ɗana, kai da ka rubuta, me aka ce an ba ni?" Wallahi ban iya ba ta amsa ba.

Ban ce mutanen nan sun yi sata ba, don ban gani da idona ba. Abin da na sani shi ne, ni da hannuna na miƙa musu takarda mai ɗauke da yatsun raunana, wadda za a iya rubuta duk abin da aka ga dama a kanta. In an rubuta buhu guda alhali tiya biyar aka ba ta, yatsanta ya riga ya shaida, ni kuma alƙalamina ya riga ya taimaka. Wannan abu ya daɗe yana cin raina, shi ya sa na ɗauki biro yau.

Kowa ya san halin da ƙasar Batsari da Safana suka shiga saboda maƙwabtaka da dajin Rugu. A watan Fabrairun 2020, a dare ɗaya, an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Gonaki sun zama kufai, mata da yara sun cika makarantun firamare da kangwaye a cikin gari. Yunwa ta biyo baya. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta bayyana cewa a watanni shida na farkon shekarar 2025 yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina saboda tamowa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! To da wannan bala'in ne ake rubuta takardun neman tallafi. Da hoton ƙannenmu masu kumburarrun ƙafafu ake buɗe baitulmalin Abuja da na ƙasashen waje. Akwai ma'aikatan agaji na ƙwarai da suka sa rayuwarsu cikin haɗari don su kawo mana ɗauki, Allah Ya saka musu da alheri. Akwai kuma waɗanda suka mayar da mu jari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ta yaya za mu rarrabe waɗannan da waɗancan in ba mu ga lissafi ba?

Ya kamata ɗan'uwa ya fahimci yadda irin wannan kuɗi yake tafiya. Gwamnati ko wata babbar hukuma in za ta ba ƙungiya tallafi, ba ta miƙa shi haka kawai. Akwai yarjejeniya a rubuce: ga adadin kuɗin, ga aikin da za a yi, ga garuruwan da za a je, ga yawan mutanen da za su amfana, ga ranar gamawa. Kuɗin rijiya ba a sayen mota da shi. Kowace naira sai an kawo rasit ɗinta, sannan a turo odita ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya. A Amurka, inda kuɗin agaji masu yawa suke fitowa, tun 1984 suka kafa dokar binciken kuɗin gwamnatin tarayya da ke hannun jihohi da ƙananan hukumomi, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa ƙungiyoyi. Duk ƙungiyar da ta kashe dala 750,000 na gwamnati a shekara dole a kawo mai bincike daga waje, sai daga watan Oktoban 2024 aka ɗaga adadin zuwa dala miliyan ɗaya. Dole a ajiye takardu na aƙalla shekara uku, kuma abin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba sai a biya shi. Mu ma nan Najeriya muna da namu: rajista da hukumar CAC, rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC, da dokar kamfanoni da ƙungiyoyi da Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020, wadda aka yi ta tayar da jijiyar wuya a kanta har wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke wasu sassanta a 2023.

To amma ka lura da abu guda, ya kai ɗan'uwa. Duk wannan lissafi sama yake tafiya. Daga ofishin Katsina zuwa Abuja, daga Abuja zuwa Washinton ko Janiba. Babu kwafi ɗaya da ke saukowa Wagini. Wanda ya ba da kuɗin yana ganin takarda amma bai ga buhu ba, mu kuma mun ga buhu amma ba mu ga takarda ba. A tsakanin nan ɓarawo yake shimfiɗa tabarmarsa.

Kuma takarda ba ta ƙin tawada. A watan Mayun 2016 babban mai binciken Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ya fitar da rahoto a kan Najeriya. Ya gano cewa tsakanin 2010 da 2014 an yi sama da faɗi da kimanin dala miliyan 3.8 a wani sashe na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Da me aka yi? Da rasit ɗin otal na ƙarya, da takardun jirgi da na man fetur na tafiye-tafiyen da ba a yi ba. Takardu sun cika fayil, ga hatimi ga sa hannu, alhali ba wanda ya taka ƙafarsa zuwa asibitocin da aka ce an ziyarta. Sai bayan shekaru asiri ya tonu. Da a ce tun farko ana tambayar ma'aikatan waɗannan asibitoci ko sun ga baƙi, da magana ba ta kai haka ba.

Na kusa-kusa kuma shi ne na Ma'aikatar Jinƙai. A watan Janairun 2024 Shugaba Tinubu ya dakatar da minista Betta Edu bayan fitar wata takarda da ta nemi a zuba naira miliyan 585 na tallafin marasa galihu a asusun wata ma'aikaciya, alhali ƙa'idar kuɗin gwamnati ta hana zuba dukiyar jama'a a asusun mutum. Ita dai ta ce ba ta yi laifi ba. A watan Afrilu na wannan shekarar hukumar EFCC ta ce ta ƙwato sama da naira biliyan 30 a binciken da take yi a ma'aikatar. Amma me ya faru da talaka? Cikin 'yan kwanaki da fara badaƙalar aka dakatar da shirye-shiryen tallafin gaba ɗaya: N-Power, da kuɗin da ake tura wa gidaje, da ciyar da yaran makaranta. Shi ma Asusun Duniya a 2016 tsayar da biyan kuɗi ya yi ga wasu hukumomin ƙasar nan. Ka ga an cuci talaka sau biyu ke nan: an ci rabonsa, sannan an rufe famfon saboda laifin wanda ya ci.

Yanzu ma famfon ya ƙara tsukewa. Gwamnatin Amurka ta dakatar da agajin ƙasashen waje a watan Janairun 2025, kuma zuwa farkon watan Yuli ta rufe hukumar USAID, wasu ƙasashen Turai su ma sun rage abin da suke bayarwa. Ɗan abin da ya rage, in muka bari aka ci gaba da wasa da shi, yaran wa za su mutu?

Na san abin da wasu dattawanmu za su ce, kuma maganarsu abar saurara ce. Za su ce, "Yaro, kyauta ce aka kawo maka, ka karɓa ka gode. In ka cika tambaya gobe ba za su dawo ba." Wasu kuma su ce mummunan zato ne. Allah Ya ƙara wa iyayenmu girma, amma ina roƙon su duba. Da farko dai kayan nan ba daga aljihun mai rabawa suka fito ba. Da sunan marayu da zawarawan garin nan aka karɓo su, shi ɗan aike ne kawai, kuma ana biyansa albashi a kan aiken. Tambayar ɗan aike abin da aka aiko shi da shi ai ba raini ba ne. Na biyu, ma'aikacin kirki farin ciki yake yi in aka nemi lissafi, don shi ne abin da zai wanke shi daga zargi. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Addininmu ma bai bar wannan fage a buɗe ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, magana take yi a kan rubuta bashi da kafa shaidu, kuma an saukar da ita ne ga mutanen da suka fi mu gaskiya da riƙon amana. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah (S) ya aika karɓar zakka. Da ya dawo Manzo ya yi masa lissafi, shi kuma ya ware wani kashi ya ce wannan kyauta aka yi masa. Manzon Allah (S) bai bar maganar a ɗaki ba, ya hau mumbari ya yi wa al'umma bayani, ya nuna cewa ba don aikin da aka ɗora masa ba da babu mai kai masa kyautar har gida. In sahabi bai fi ƙarfin lissafi ba, wane ne shugaban ƙungiya?

To mu dawo gida, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu matasa muna da ƙungiyoyi barkatai: ta taimakon marayu, ta gyaran maƙabarta, ta makarantar Islamiyya, ta karo-karo in an ɗauke wani ana neman kuɓutar da shi. A faɗi gaskiya, guda nawa ne a cikinsu suke da littafin shiga da fita? Kuɗi na shiga asusun wayar shugaba, su cakuɗe da na shagonsa, ranar da aka tambaya ya ce, "Haba, ba ku yarda da ni ba ne?" Daga nan sai gaba, sai ƙungiya ta dare biyu, 'yan'uwa su daina gaisawa a ƙofar masallaci. Sau da yawa mutumin bai yi niyyar ci ba, rashin rubutu ne ya jefa shi, har shi kansa bai san inda kuɗin suka shige ba. Da wane baki za mu tuhumi na Abuja alhali naira dubu hamsin ta gagare mu lissafi?

Saboda haka ga abin da nake kira gare shi. A ƙungiyoyinmu, a sayi littafi mai bango, a rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita, da rana da sunan wanda ya karɓa. Mai ajiye kuɗi daban, mai rubutu daban. Kuɗi kada su fita sai da hannun mutum biyu. Duk ƙarshen wata a karanta lissafi a gaban kowa, da Hausa, a liƙa kwafi inda mutane ke wucewa. In Allah Ya hore, a buɗe asusu da sunan ƙungiya, a raba shi da aljihun kowa.

In kuma baƙi suka zo da agaji, mu tarbe su da mutunci, a kai su gaban mai gari da liman, sannan a yi musu tambayoyi cikin ladabi: wa ya ba da kuɗin, mutum nawa aka rubuta wa garin nan, me aka ce a ba kowane? Kada ɗan'uwa ya yarda a dangwala yatsa a takardar da ba a cike ba. A karanta wa iyayenmu mata abin da ke rubuce kafin su sa hannu. Mu ajiye namu kwafin sunayen, ko da hoto ne a waya. Manyan ƙungiyoyi da yawa suna da lambar kai ƙorafi, a nema a rubuta a ajiye. In kuɗin gwamnati ne, akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takardun aiki, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Waɗanda suka yi boko a cikinmu, ga inda karatunsu zai yi wa garinsu rana.

Ina jan kunnen 'yan'uwa da kada a mayar da wannan hanyar cin mutunci ko tare mota ko yaɗa jita-jita. Wanda bai da hujja ya kama bakinsa, don ƙazafi ma zunubi ne babba. Hujja muke nema, kuma rubutu ne ke samar da ita.

Ni dai na yi wa kaina alkawari, duk ranar da aka sake kirana rubuta sunaye, ba zan ɗora biro a takarda ba sai an cike layin nan a gaban masu yatsun. In an ce in tashi, zan tashi, kuɗin shan ruwan su riƙe abinsu. Ina fata in tsohuwar nan ta sake tare wani daga cikinmu da irin tambayarta, ya zaro takarda ya karanta mata.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya mayar da kowa gonarsa lafiya. Wassalamu alaikum.

Daga ɗan'uwanku a Wagini, Ƙaramar Hukumar Batsari, Jihar Katsina.