Idan Maharbi Ya Ga Barewa Da Ɗanta A Gefe

Wannan makon za mu bar aji mu shiga daji, dajin ma na Amurka, inda duk shekara maharba ke tafka muhawara a kan tambaya guda: ga barewa ta fito kiwo da ɗanta a gefe, doka ta ba ka damar harbi, za ka harba ko za ka ƙyale?

Na ce barewa ne don ita ce kalmar da ta fi kusa. Tasu mai farar wutsiya ba jinsi ɗaya take da barewarmu ba. Ƙahon namijin rassa gare shi kamar bishiya, yana faɗuwa duk shekara ya sake tsiro, macen kuma ba ta da ƙaho. Amma duk masu tuƙa ne, kamar akuyar gidanku, kuma amsar tambayarmu a cikin tuƙar nan take.

Na san da yawanku kun riga kun yanke hukunci: rashin imani ne a harbi uwa. Amurkawa da yawa ma haka suke ji, musamman tun 1942 da kamfanin Disney ya fitar da fim ɗin Bambi, inda maharbi ya kashe uwar ɗan barewa, yara suka yi ta kuka a gidajen sinima. To me ya sa hukumomin kula da namun daji na can suke roƙon maharba su harbi mata?

Wajen shekarar 1900 farauta ba ƙa'ida ta kusa ƙarar da wannan barewa, aka ƙiyasta saura ba su wuce rabin miliyan ba. Sai jihohi suka kafa doka: a harbi maza, a bar mata. Dabarar ta yi aiki har ta wuce gona da iri, don yau ana ƙiyasta sun kai kimanin miliyan 30. Kyarketai da zakunan dutse da ke rage su a da, an kore su daga yawancin gabashin ƙasar. Barewa na cinye ƙananan itatuwa tun ba su tasa ba, suna shiga gonaki, kuma motoci na karo da su sama da sau miliyan ɗaya a shekara. Harbin maza ba ya rage haihuwa, tunda namiji ɗaya ya isa ya yi wa mata da yawa barbara, ga shi lafiyayyar mace tagwaye ta fi haifa. Wanda ke son rage garke dole ya taɓa mata. Masanin daji Aldo Leopold ya faɗi haka a jihar Wisconsin, aka buɗe harbin mata a 1943, maharba da dama suka yi masa ca. Kuma kusan duk macen da ta girma tana da ɗa a shekarar. Ka ce ba za a harbi mai ɗa ba, kusan ka ce ba za a harbi mace ba ke nan.

Saboda haka tambayar ta koma kan ɗan: watansa nawa?

Ku ɗauko biro. A arewacin Amurka barbara a watan Nuwamba take. Ciki kwana 200 ne ko kusa da haka, haihuwa ta faɗo ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Jaririn bai fi kilo 3 ko 4 ba, jikinsa duk ɗigo-ɗigon fari. Mu kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a makonnin farko ɗan barewa ko rarrafen ba ya yi in ya ji motsi. Lafewa yake a cikin ciyawa, ya yi tsit, ɗigon jikinsa ya saje da hasken da ke ratsowa ta ganye. Uwar na barinsa shi kaɗai da gangan, don kada warinta ya jawo masa abokan gaba, sai ta zo sau kaɗan a yini ta ba shi nono ta sake tafiya. A wannan lokaci in aka kashe uwar an kashe biyu, ko uku, kuma waɗanda ke kwance a ciyawa yunwa ce za ta kashe su a hankali. Maharbin ma ba zai sani ba, don shi mace ya gani ita kaɗai. Shi ya sa ake rufe farautar barewa a waɗannan watanni.

Masu karatun bayoloji sun san cikin dabba mai tuƙa ɗaki huɗu ne. A jariri ɗakin ƙarshe ne ke aiki, shi ke narkar da madara. Tumbi, inda ƙwayoyin halitta ke sarrafa ganye, bai gama haɗuwa ba. Ɗan barewa na fara tsinkar ganye tun yana mako 2 ko 3, amma sai wajen mako 10 tumbin ke iya riƙe shi ba nono. Wanda aka haifa 1 ga Yuni ya tsallake wannan gaɓa kafin tsakiyar Agusta. Lokacin da masu kwari da baka za su shiga daji a Satumba ko Oktoba, ya kai wata 3 ko 4, ɗigon jikinsa ya ɓace, gashin hunturu ya fito. Zai iya bin uwar yana neman nono, uwar ma ta ba shi, amma ko babu shi zai rayu. Masu bindiga kuwa sai Nuwamba a yawancin jihohin arewa. Da wannan lissafi aka tsara kalandar farautar.

Sai dai kalanda ba ta ganin kowane ɗa. A jihar Alabama da ke kudu, barbara na kaiwa Janairu, har Fabrairu a wasu wurare, don haka ana haihuwa a Yuli da Agusta. A buɗe farauta a Oktoba, za a tarar da 'ya'yan da ba su fi wata 2 ba. Ko a arewa akwai matan da ba sa ɗaukar ciki sai Disamba, nasu 'ya'yan su zo a makare. Doka ta ce harba, amma ɗigon fari na nan a jikin ɗan. A ganina nan ne ake gane maharbin kirki. Lasisi izini ne, ba tilas ba ne. Wanda ya ga ɗigo ya sauke bakansa bai rasa komai ba sai naman yini ɗaya.

Ko a kan wanda ya wuce yaye, masana ba su haɗu a baki ɗaya ba. Wani bincike a Texas ya gano marayun sun fi mutuwa, kuma yankin da suke kiwo ya fi ƙanƙanta. Wani a Virginia ya gano marayu maza sun fi rayuwa, don uwa ce ke korar ɗanta namiji in ya shekara, a hanyar neman sabon wuri kuma mota ko maharbi ke samunsa. Uwa dai ba nono kaɗai ba ce, ita ta san mashaya da maɓoya.

Turawan Jamus da Sikotilan sun ɗauki wannan da zafi, don jan barewarsu ɗanta na dogara da ita har ya fita hunturun farko, maraya kuwa sauran garken korarsa suke yi. A Jamus laifi ne a dokar farauta a kashe uwar da ɗanta ke buƙata. Ƙa'idar da ake koya wa maharba a ƙasashen biyu za ta ba ku mamaki: in dole ne a rage garke, a fara harbin ɗan, sannan uwar. Abin ba daɗin ji, amma ku auna shi da mutuwar yunwa cikin ƙanƙara.

Kada wani ya kwaso hujjar Amurka ya kawo ta dajinmu. Su yawa ya dame su, mu ƙarewa. Barewarmu mai jan goshi tana cikin jerin dabbobin da ake tsoron ɓacewarsu. Mariri kuwa a shekarar 2000 aka bayyana ya ƙare a daji, sai a 2016 aka fara dawo da shi Chadi daga waɗanda aka kiwata a killace. A irin wannan hali kowace mace jari ce. Ga shi gada na iya haihuwa a kowane wata, don haka ba a samun lissafi mai sauƙi irin na Yuni da Nuwamba. Gana ta gwada nata: daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farautar yawancin namun daji, don lokacin da yawansu ke ciki ko shayarwa ne.

Kuma duk muhawarar Amurkawan nan ta mutum ɗaya ce da ke laɓe a kan bishiya, yana da minti biyar na duba dabba kafin ya saki kibiya. Farautar gayya ta rani, da karnuka da gora da ihu, ba ta da wannan minti biyar. Kare ba ya duba hantsa, tarko ba ya tambayar wata, wutar da aka cinna wa daji kuma ɗan gadar da ya lafe a ciyawa take fara samu, tunda gada da barewarmu ma ɓoye jariransu suke yi. Idan kun je gona ko itace kuka tarar da irinsa kwance shi kaɗai, kada ku ɗauko shi da sunan taimako. Galibi uwar tana kusa, jira take ku tafi.