Sanƙarau a ƙasar Gumel: haƙƙin mamaci a shafukan jarida

Lokacin da cutar sanƙarau ta ɓarke a arewacin jihar Jigawa a ƙarshen shekarar 2022, yankin masarautar Gumel da ke kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar ne ya fi jin jiki.

Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta bayar a watan Afrilun 2023 sun nuna cewa daga farkon Oktoba zuwa tsakiyar Afrilu, mutane 1,686 ne ake zaton sun kamu da cutar a faɗin Najeriya, kuma 124 daga cikinsu sun rasu.

Jihar Jigawa ita kaɗai ta ɗauki 1,252 daga cikin waɗanda ake zaton sun kamu, watau kashi 74 cikin ɗari. A ƙaramar hukumar Maigatari an ƙirga mutane 505, a Sule Tankarkar kuma 247.

A watan Maris na 2023 hukumomi suka gudanar da allurar rigakafi ta gaggawa a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ga masu shekara ɗaya zuwa 29.

Annobar ta wuce, amma ta bar tambayar da ta shafi 'yan jarida: idan mutuwa ta ratsa ƙauyuka irin waɗannan, wane irin labari ya cancanci mamatan da kuma iyalansu?

Adadi ba suna

Babu wata babbar jarida da ake bugawa a Gumel ko Maigatari. Galibin wakilan jaridun ƙasa suna zaune ne a Dutse, babban birnin jihar, kusa da gidan gwamnati da ma'aikatu.

Saboda haka labarin annoba kan fito ne daga bakin jami'in gwamnati, a taron manema labarai ko ta waya. Abin da ke isa shafin jarida shi ne adadin mamata, da sunan ƙaramar hukuma, da tabbacin cewa an shawo kan lamarin.

Ba kasafai mai karatu ke jin ta bakin uban da ya rasa 'ya'yansa ba, ko ma'aikacin ƙaramin asibitin da aka fara kai marasa lafiya. Ba ya jin nisan tafiyar da aka yi kafin a isa asibiti, ko an sami magani da aka isa.

Ga shi kuwa sanƙarau cuta ce mai gaggawa, wadda kan iya kashe mutum cikin kwana guda. Amsar waɗannan tambayoyi ce kan bambanta wanda ya rayu da wanda ya rasu.

Idan kuwa basarake ko ɗan majalisa ko attajiri ne ya rasu, a kan buga sunansa da shekarunsa da yawan 'ya'yan da ya bari, da jerin manyan da suka halarci jana'iza. Ba laifi ba ne a girmama babba. To amma idan yara goma na ƙauye suka tashi a layi ɗaya na rahoto, alhali mutum guda ya cinye rabin shafi, ba za a ce an yi adalci ba.

Akwai kuma yadda ake danganta cutar da Nijar. Gaskiya ne cewa an sami ɓarkewar sanƙarau a jihar Damagaram, musamman gundumar Dungas, a daidai wannan lokaci. Sai dai mutanen ɓangarorin biyu dangin juna ne, suna auratayya, suna haɗuwa a kasuwar dabbobi ta Maigatari kowace Alhamis.

Rahoton da ya tsaya ga cewa baƙi ne suka shigo da cutar yana iya jefa ƙyama tsakanin maƙwabta, ya kuma kawar da hankali daga cunkoso a ɗakunan kwana da ƙura da zafin bazara da ƙarancin rigakafi, waɗanda duk na gida ne.

Darasin Kano

Wasu na ganin cewa ladabi ga mamaci shi ne a yi shiru. A ƙasar Hausa a kan binne gawa cikin sa'o'i, ba a cika yarda a yi mata bincike ba, kuma ana kallon yawan tambaya kan musabbabin mutuwa tamkar ja da ƙaddara.

To sai dai abin da ya faru a Kano a shekarar 2020 ya nuna illar irin wannan shiru.

A watan Afrilun wannan shekarar, jaridar Daily Trust ta ruwaito masu aiki a maƙabartu suna cewa an binne mutane kimanin 150 cikin kwana uku. Gwamnatin jihar ta fara danganta mace-macen da hawan jini da ciwon sukari da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau.

A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa binciken da aka yi ya gano mutane 979 da suka rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-macen na da nasaba da cutar korona.

Da 'yan jarida sun jira sanarwar hukuma, da labarin ya makara. Maƙabarta suka je, suka tambayi masu haƙa kabari.

Amma ko a nan ma an ga bambancin. An yi ta jera sunayen farfesoshi da manyan ma'aikata da marigayi Sarkin Rano, yayin da sauran ɗaruruwan suka kasance adadi kawai.

Tarihin sanƙarau kansa yana ɗauke da irin wannan darasi. A annobar 1996, wadda ta kashe fiye da mutane 11,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, inda 11 suka rasu.

Sai a ƙarshen shekarar 2000, bayan binciken jaridar Washington Post ta Amurka, batun ya karaɗe duniya. Kamfanin ya musanta aikata ba daidai ba, amma a 2009 ya cimma sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

Masu lura da al'amura na ganin cewa wannan batu na daga cikin abubuwan da suka ƙara zargi a zukatan jama'a lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Mutuwar da ba a yi bayaninta a kan lokaci ba, jita-jita ce ke yin bayaninta daga baya.

Ɗaya ɓangaren: Majiya

Idan shiru cutarwa ne, tona asiri ma cutarwa ne.

A daren 15 ga watan Oktoban 2024 wata tankar man fetur ta kife a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura, a kan hanyar Kano zuwa Haɗejia, daga bisani ta yi bindiga. Adadin mamata ya yi ta hawa daga ƙasa da ɗari, har kwamitin binciken da Gwamna Umar Namadi ya kafa ya tsayar da shi a kan 209.

Kafin gari ya waye sosai, hotunan gawarwakin da suka ƙone sun cika Facebook da WhatsApp.

Rahotanni da dama kuma sun fi mayar da hankali ga cewa mamatan sun je kwasar mai ne. Hakan ya faru, kuma wajibi ne a faɗe shi domin ya zama gargaɗi.

Sai dai labarin bai cika ba idan ba a haɗa da tsadar mai bayan janye tallafi a 2023 ba, da lafiyar tankokin da ke bin hanya, da ƙarancin asibitocin da ke iya kula da masu ƙuna. Idan aka bar waɗannan, mamaci ne kaɗai ya ɗauki laifi, shi kuwa ba ya iya kare kansa.

Abin da ƙa'ida ta tanada

Ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya da aka amince da su a Ilori a 1998 sun buƙaci ɗan jarida ya tunkari masu juyayi cikin tausayawa da sanin ya kamata, ya kuma guji bayyana munanan bayanai na tashin hankali a rubuce ko a hoto.

Wannan bai saɓa wa tarbiyyar masu karatu ba. Musulunci ya yi umarni da suturta gawa, ya kuma hana zagin mamaci. Kazalika ya hana shiga garin da aka ji labarin annoba a cikinsa ko fita daga gare shi, kuma wannan hukunci ba ya aiki sai labarin ya isa kunnen jama'a.

Ke nan gawa ake suturtawa. Musabbabin mutuwa kuwa, idan ya shafi rayuwar sauran jama'a, haƙƙinsu ne su sani.

A aikace, hakan na nufin wakili ya taka zuwa ƙauyen, ya bi ta hannun dagaci ko mai unguwa, ya yi ta'aziyya kafin ya yi tambaya. Ya nemi izini kafin ya ambaci suna ko ya ɗauki hoto, ya mutunta kwanakin zaman makoki, kada ya matsa wa matar da ke takaba.

Yana nufin ya bambanta waɗanda ake zaton sun kamu da waɗanda gwaji ya tabbatar, ya faɗi wanda ya ba da adadin da kuma ranar da aka bayar. Yana kuma nufin ya koma bayan watanni, domin sanƙarau kan bar wasu da kurumta ko nakasa, kuma ba kasafai ake ƙirga su ba.

Duk wannan na buƙatar kuɗin mota da lokaci, abubuwan da wakilai da yawa ba su da su. Saboda haka nauyin yana kan editoci da masu jaridu kamar yadda yake kan wakili.

Cutar dai ba ta tafi ke nan ba. Ta sake ɓulla a kakar 2023 zuwa 2024 a jihohi bakwai, ciki har da Jigawa, inda mutane 153 suka rasu a jihohin, abin da ya sa a watan Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allurar Men5CV.

Duk shekara, daga hunturu zuwa saukar damina, ƙasar Gumel na cikin haɗarin sake ganin ta. Yadda aka ba da labarin mamatan baya na iya tasiri kan ko iyaye za su garzaya da ɗansu asibiti ranar da wuyansa ya sanƙare.