Gona Ba Filin Jirgi Ba Ce

A bana ma dai ba mu tsira ba. An sake fitar da kwangilar share daji don noma, an kuma sake maƙala mata sharaɗin nan da ya zama kamar farilla: a kawo buldoza, a kankare fili fes, a tara abin da aka ture a gefe a cinna masa wuta. Da wani ya yi ƙarfin halin tambaya ko za a duba eskabeta mai kawunan sassabe, sai babban jami'in ya kwashe da dariya, wai ita aikinta haƙa kwata da lodin yashi. Aka tafa masa. A ƙasar nan duk wanda biro ke hannunsa, tafi bai taɓa yanke masa ba.

To ranka ya daɗe, albarkar gona a saman ƙasa take, ɗan abin da bai wuce taƙi ɗaya ba a yawancin jigawarmu. Nan ruɓaɓɓen ganye yake, nan tsutsa da gara suka yi shekaru suna aiki. Faifan buldoza ba ya tambaya. Shi ne farkon abin da yake kwashewa, ya haɗa shi da kututture da ƙaya ya jibge a bakin iyaka, ya bar wa manomi marmara da ƙasar da nauyin ƙarfe ya danƙare. Ruwan farko ya sauka ya rasa inda zai nutse, sai ya nemi hanya. Bayan damina biyu kwazazzabo ya buɗe baki, sai a kafa kwamitin yaƙi da zaizayar ƙasa, a ba shi mota.

Wannan ba zancen shaci-faɗi ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1970 Rattan Lal, wanda ya karɓi kyautar abinci ta duniya a 2020, ya gwada hanyoyin share daji a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan. Sassabe da hannu shi ya fi barin ƙasa lafiya. Wuƙar da ke yanke itace daidai da ƙasa ta bar saiwa a binne ta biyo baya. Wanda ya fi kowa ɓarna shi ne ture bishiya da katafila sannan a bi fili duka da manjagarar tonon saiwa. Fiye da shekara 40 ke nan, amma takardun kwangilarmu ba su samu labari ba tukuna.

Abin da jami'in bai sani ba, ko bai so ya sani ba, shi ne hannun eskabeta ba bokiti kaɗai yake ɗauka ba. Ita tana tsaye wuri guda ta miƙa hannu ta zaɓi abin da za ta cire, ta bar wanda aka ce ta bari. Inda sabara da kalgo da geza suka cushe, akwai kan niƙa, wani ganga mai haƙora da ke juyawa ya mayar da su dusa a shimfiɗe a ƙasa, ta tare rana, ta riƙe laima, ta ruɓe ta zama taki. Inda itatuwa suka yi kauri akwai almakashi mai datse su daga gindi. Kututturen da dole sai ya fita, haƙori guda ake sa masa a tsinke saiwar, a ɗaga shi kaɗai, maimakon a yi ramin da zai binne saniya. Tattara rassa kuwa aikin manjagara ne da yatsan damƙa, domin ƙasa na zubewa ta tsakanin haƙoranta ta koma inda ta fito. Bokiti shi ne mafi munin zaɓi, don da ƙasar yake tafiya.

Kuma ba a sayen waɗannan kawuna da ka. Kan niƙa yana da yawan man haidirolik da yake bukata a minti, in famfon injin bai kai ba sai ya yi ta shaƙewa, mai ya yi zafi, a ce kayan ne ba su da kyau. Kan da aka ƙera don injin tan 20, irin su Caterpillar 320 ko Komatsu PC200, ba a rataya wa ƙaramin inji. A fili mai duwatsu haƙoran wuƙa ba sa kwana, sai masu bakin kabayid. Gilashin direba na bukatar kariya saboda tsalle-tsallen itace. Duk wannan yana nufin wani ya taka ƙafa ya je ya ga filin kafin a rubuta takarda. A nan gizo ke saƙar, don zuwa daji ba ya cikin alawus.

Za a ce eskabeta ba ta da sauri. Saurin zuwa ina? Za a ce kawunan da tsada, babu kayan gyara. Mutanen da ke sayen jerin motocin rakiya ne yau suka tuna da tsimi. Gaskiyar magana ita ce fili mai santsi ya fi kyau a hoto, kuma ɗan kwangila da faɗin hekta ake biyansa, babu mai tambayarsa buhu nawa aka samu a shekara ta uku. Ranar ƙaddamarwa a jera injuna a ɗaura musu kintinkiri, mai girma ya hau ɗaya ya ɗaga hannu, maroƙa su yi ta zuba. Ku duba hotunan da kyau, kowace eskabeta da bokitinta aka sayo ta, shi kaɗai, kamar yadda ta fito daga jirgin ruwa.

Ciwon kuma tsoho ne. Tun zamanin Turawa injiniya ke shiga gaba, malamin gona na biye da shi da jaka. Shirin gyaɗa na Tanganyika, inda aka riƙa jan sarƙa tsakanin katafila biyu ana kwantar da daji, ya rushe a 1951. Namu na Mokwa da aka fara a 1949 bai wuce 1954 ba. Aka kafa hukumar bunƙasa filayen noma ta NALDA a 1992, aka rushe ta a 2000, aka farfaɗo da ita a 2020, amma tunanin cewa noman zamani yana farawa ne daga kashe duk abin da ke tsaye bai taɓa yin ritaya ba. Haka ake tuge ɗorawa da kaɗanya, abincin gida da jarin mata. Haka ake tuge gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya ciyar da geron da ke ƙarƙashinsa. Alhali nan kusa, a Maraɗi da Damagaram, manoma sun rungumi sassaben zamani tun shekarun 1980, suna renon tohon kututturen da mu muke biyan kuɗi a tone, har suka maido da itatuwa a miliyoyin hekta ba tare da litar gas ko ɗaya ba.

Saboda haka a janye takardar nan a sake rubuta ta. A sa malamin gona da masu filin su shafa wa itatuwan da za a bari fenti. A rubuta irin kan da za a ɗaura wa inji a kowane yanki. A auna kaurin ƙasar sama kafin aiki da bayansa, wanda ya kwashe ta a cire a kuɗinsa. Ɗan kwangilar da bai iya wannan ba, ga kwatoci nan birjik a gari suna jiran yasa.