Tankar Roba da Tankar Ƙarfe



Akwai wata sha'awa da in ka ambata a majalisa sai an yi maka dariya: ƙato da gemunsa ya zauna da gam da fenti yana haɗa 'yar tankar yaƙi ta roba. Wasu su ce wasan yara ne, wasu su ce son yaƙi ne. Ina cikin masu wannan sha'awa, kuma ra'ayina shi ne, duk cikin masu shiga gidan tarihin kayan yaƙi babu mai fita da ilimi kamar mai haɗa irin waɗannan 'yan samfura. Sauran jama'a hoto suke zuwa ɗauka, shi kuwa kallo yake zuwa yi.

Ga wanda bai san abin ba, a kwali ake sayo su, gutsi-gutsi, kai za ka yanka, ka goge, ka manna, ka fenta. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne 1/35, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yi wa suna, wato kowane santimita 35 na tankar gaske ya koma santimita ɗaya. Ɗauki Tiger ta Jamus ta Yaƙin Duniya na Biyu. Tsawonta har bakin igwa ya haura mita takwas, a teburinka kuwa santimita 24 ce. Sulken gabanta mai kaurin milimita 100 bai cika milimita uku ba. Sojan da ke cikinta bai fi ɗan yatsanka ba. Wanda ya shafe wata guda yana wannan lissafi, ranar da ya tsaya gaban ta gaske ya san me yake nema.

A garin Bovington na ƙasar Ingila akwai gidan tarihin tankoki mai motoci wajen 300, kuma duk mai wannan sha'awa ya san shi, ko da ta tasharsu ta YouTube ce, tunda biza da kuɗin jirgi ba na kowa ba ne. A can ne Little Willie take, ta 1915, kakar dukan tankoki. (Af, sunan "tanka" ma daga tankin ruwa ya samo asali. Turawan Ingila ne suka laƙaba mata don ɓoye wa 'yan leƙen asiri abin da suke ƙerawa.) Amma wadda ta fi jan jama'a ita ce Tiger mai lamba 131, da aka kama a Tunisiya a watan Afrilun 1943, kuma ita kaɗai ce irinta da har yanzu injinta ke tashi ta yi tafiya. Ita aka sa a fim ɗin Fury na 2014.

To me mai haɗa samfuri yake gani a jikinta da ɗan yawon buɗe ido ba ya gani? Zai lura jikinta sumul yake, babu wannan kwaɓi mai zane-zane da ake kira Zimmerit, wanda Jamusawa suka riƙa shafa wa tankokinsu don kada nakiya mai maganaɗisu ta manne. Ba a fara shafa shi ba sai bayan an kama ta, don haka wanda ya sa wa 'yar Tiger 131 ɗinsa Zimmerit ya yi wa tarihi ƙarya. Zai san injin da ke cikinta yanzu ba nata na asali ba ne, na wani samfurin Maybach na baya ne aka sa mata lokacin gyara, wato ko abin da ke gidan tarihi sai an bi shi da tambaya. Sannan zai sunkuya ya duba ƙarƙashin igwar, inda tabon harsashi yake har yau. Harsashin nan ne ya maƙale ya hana kan tankar juyawa, mutanen da ke ciki suka fice suka bar ta. Mutum biyar ke aiki a cikin Tiger. Ka tsaya ka auna: ƙarfe sama da tan 50, duk duniya na tsoronta, amma da kanta ya ƙi juyawa sai ta zama akwatin da samari biyar ke rige-rigen fita daga ciki.

Nan ne nake ganin masu cewa son yaƙi ne ba su yi mana adalci ba, ko da yake ba zan ce ba su da hujja ko kaɗan ba. Kasuwar samfura ta cika da Tiger, alhali waɗanda aka ƙera ba su kai 1,400 ba, ita kuwa Sherman ta Amurka an ƙera kusan 50,000. Akwai masu haɗa kayan sojan Hitler da wani irin shauƙi da ba na tarihi ba ne, kuma hoton jikin kwali kullum tanka ce tsaf tana keta ƙura, babu gawa, babu ƙuna. Roba ba ta wari, ba ta zafi. Maganin wannan shi ne a je a ga ta ƙarfen. Tankokin farko da Ingila ta fitar a fagen Somme a watan Satumban 1916, mutum takwas ake cusawa ciki, ɗaki ɗaya da injin, cikin hayaƙi da zafi da ƙarar da ba ka jin na kusa da kai. Wanda ya leƙa cikin irinta ba zai koma gida ya ce yaƙi burgewa ne ba.

Kuma ba sai an haye teku ba. Muna da namu a Umuahia ta jihar Abiya, Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da aka kafa a 1985, inda aka tara kayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Akwai jiragen sama, akwai jirgin ruwan nan NNS Bonny, akwai bama-baman Ogbunigwe, akwai motocin sulke na ɓangarorin biyu. Sojan tarayya sun yi aiki da Ferret da Saladin na Ingila da Panhard ta Faransa. 'Yan Biyafara, da aka toshe musu hanyar shigo da kaya, sai suka ƙera nasu, waɗanda ake kira Red Devil, wasu a kan gindin tsofaffin motocin Universal Carrier da suka rage daga Yaƙin Duniya na Biyu.

Da na tsaya gaban ɗaya daga cikinsu, walda na fara dubawa, don idon mai haɗa samfuri nan yake fara sauka. Walda ce irin wadda kake gani a ƙofar gidanku, faranti a kan faranti, ta mutanen da ba su da lokaci. 'Yar kafar da direba ke leƙe ta cikinta kuwa, na rasa yadda mutum zai ga hanya, balle ya ga mai harbinsa. A tsakar rana ko taɓa ƙarfen ba ka iya daɗewa kana yi. Wani ɗan wani ya zauna a ciki, wani ɗan wani kuma, wataƙila daga Katsina ko Azare, ya tsaya a gabanta da bindiga. Da yawanmu a zauren nan kakanninmu sun je wannan yaƙi, wasu ba su dawo ba. Ina so masu rubuta "a gwabza kawai a huta" a ƙarƙashin kowane labari a Facebook su je su sa kansu cikin wannan kafa na minti biyar.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarfe ba ya dawwama, musamman a ƙasar da damina ke daɗewa. Tiger 131 an auna ta, an zana ta, an ɗauke ta hoto har noti, ko ta narke gobe za a iya sake ta. Red Devil ma ta cancanci haka, kuma aikin bai fi ƙarfin matasa biyu da tef ɗin awo da waya da izinin hukumar wurin ba. Tamiya na da Universal Carrier a ma'aunin 1/35, gindi ya samu ke nan, saura gangar jiki da za a yanka daga farantin roba bisa awon da aka ɗauko.

Hannun kuwa muna da shi. Yaron da ya yi motar kara, ya yi tirela da gwangwanin madara da tayar silifas har da ƙofa mai buɗewa, ya riga ya san rabin aikin, rula da lissafin ma'auni kawai ya rage a koya masa. Duk wanda ke da hanyar Umuahia cikin watannin nan, ɗan hidimar ƙasa ne ko direban babbar mota, don Allah ya yi mini magana. Hoto huɗu nake buƙata na kowace mota, gaba da baya da gefe biyu, a tsaye daidai ba a karkace ba, kuma a ajiye wani abu da aka san tsawonsa a jikinta kafin a ɗauka.