Wasiƙa Zuwa ga Masu Gyaran Injin Daddatsa Itace

Ya 'yan'uwana makanikai,

Dalilin wannan takarda shi ne injinan nan na daddatsa rassan itace, irin su Vermeer da Bandit da ake ƙerawa a Amurka, waɗanda galibi ba su iso mu sai sun sha aiki a hannun wasu, littafinsu kuma ya ɓace a hanya. In aka jawo ɗaya gareji aka ce ba ya cin itace ko yana girgiza, sai mai gyara, saboda sabonsa da mota, ya nufi famfon mai da matatar iska, alhali kuwa illar tana can cikin gangar da ke ɗauke da wuƙaƙe.

Sharaɗi na farko, wanda babu rangwame a cikinsa, shi ne kada hannu ya kusanci ganga sai an kashe injin, an zare makulli an sa a aljihu, an cire wayar batir, an kuma soka sakatar da ke riƙe ta, domin nauyinta yakan sa ta ci gaba da juyawa bayan injin ya yi shiru.

Sa'an nan, kafin ku ɗauki sufana, ku debi abin da injin ya fitar ku baza a tafin hannu, gama shi ne shaidar da ba ta ƙarya. In sassaƙen ya fito daidai wa daida, bakinsa a yanke sumul, wuƙaƙe lafiya suke. In ya fito zare-zare, dogaye masu gashi, gauraye da gari, har yana toshe bututun fita, to, ɗayan biyu ne: ko dai wuƙaƙe sun dakushe, ko kuwa tazarar da ke tsakaninsu da maƙera, wato kwantaccen ƙarfen da itace ke dogara a kansa lokacin yanka, ta yi faɗi. Wannan tazara a yawancin injina ba ta wuce milimita 1 zuwa 3 ba, kowane kamfani da ƙa'idarsa, kuma wajibi ne a auna ta ga kowace wuƙa, a dukkan gefuna biyu, ana juya gangar da hannu sannu a hankali. Sau da yawa akan wasa wuƙa a manta da maƙera, alhali ita ma bakinta yana cinyewa ya zama kumbo, kuma a yawancinsu ana iya juya ta a yi aiki da ɗaya gefen.

Game da wasa wuƙa, ina roƙonku ku daina kanga ta a busasshen dutse har bakinta ya yi shuɗi, domin shuɗin nan alama ce cewa zafi ya kashe taurin ƙarfen, ba kuwa za ta jima ba ta sake dakushewa. A wasa ta da ruwa, a kiyaye karkatar bakinta ta asali, wadda galibi kusan digiri 30 ce.

Amma mas'alar da na fi so ku tsaya a kanta ita ce ta mizani. Gangar da faɗinta ya kai santimita 50, tana juyawa sau 2,000 a minti, in wuƙa guda ta fi 'yar'uwarta da giram 50 kacal, wannan ɗan bambanci, da hannu ba zai ji shi ba, yana fizgar gangar da ƙarfin da ya ɗara nauyin buhun siminti, kuma fizgar tana zagayawa fiye da sau 30 a kowace daƙiƙa. In gudun ya ninka biyu, fizgar sai ta ninka huɗu. Wannan ne ke cinye boris, ya kwance notuna, ya tsattsage jikin injin, mai shi yana ta sayen sabon boris yana zargin 'yan kasuwa da sayar masa da jabu. Saboda haka a wasa wuƙaƙe gaba ɗaya, a canza su gaba ɗaya, a ɗora kowace a sikeli kafin a mayar. A kuma kankare mazaunin wuƙa tas, domin ƙwayar yashi ko busasshen ƙaro a ƙarƙashinta ya isa ya hana ta zama daram, in aka ɗaure ta a haka sai ta tsage. Kusoshinta na musamman ne, masu lambar ƙarfi a kansu. Kada a musanya su da na tsintuwa, kuma a ɗaure su da sufana mai awo, ba da bututu da ƙarfin yaron shago ba.

In an yi duk wannan girgiza ba ta daina ba, sai a sassauta bel, a sa ƙarfe a ɗaga sandar gangar a ji ko boris yana wasa, a kuma duba cikin gangar, don wani lokaci danƙararren itace ne ya maƙale a gefe guda. Giris ma in ya yi yawa a boris zafi yake jawowa.

Saura maganar walda. In kun wanke ganga kuka ga tsaga, musamman a kusurwar mazaunin wuƙa, na san mai injin zai ce a ɗan liƙe masa ya ƙarasa kwangila, na kuma san ƙin karɓar aiki yana da ɗaci. Amma walda tana ƙara nauyi a gefe guda, zafinta yana iya karkatar da gangar, tsagar kuma takan ci gaba da tafiya a ƙarƙashin liƙin inda ido ba ya gani, mutumin da ke tura rassa kuwa yana tsaye ne daidai bakinta. Ku faɗa masa gaskiya cewa ko dai a kai ta inda ake da na'urar daidaita mizani bayan gyara, ko a sayo wata. In ya ƙi, ya ja injinsa ya kai wani wuri.

Wassalam.