Taron iyayen yara: ina mutanenmu suka shiga?

Ranar Asabar ɗin da aka kira taron iyayen yara a makarantar firamaren gwamnati da 'yata ke zuwa, ruwa ya tsare mu a cikin aji, irin ruwan nan na Duwala da ba ya sallama. Da na rasa abin yi sai na shiga ƙirga kawuna. Mun haura mutum saba'in. Masu hula irin tawa mu uku ne, sai mata biyu da mayafi can baya kusa da ƙofa. Alhali in ka tsaya a bakin makarantar nan da safe, Hausa da Fulatanci za ka yi ta ji ta kowane gefe. A ajin 'yata kaɗai A'isha huɗu ce.

A zaman nan aka tsayar da kuɗin da kowane uba zai biya wa ƙungiyar iyaye da malamai, wato APEE, aka zaɓi shugaba da ma'aji, aka kuma raba kuɗin a takarda: kaza na fentin katanga, kaza na bikin ƙarshen shekara, ragowar na benci. Na ɗaga hannu na ce famfo da bayan gida fa? Aka ce a kaɗa ƙuri'a. Mu biyar muka ɗaga hannu, da wata baiwar Allah 'yar Bassa da ta ga gaskiyar maganar. Ranar Litinin da yamma, a majalisarmu ta bakin masallaci, sai ga mutum goma sha suna kumfar baki wai an ƙara kuɗi ba a shawarce su ba. Na ce Alhaji, an kira ka, takardar tana cikin jakar ɗanka tun ranar Laraba.

A New Bell aka haife ni, a unguwar Hausawa, nan na yi allo, nan na yi lekol. Unguwar da Jamusawa suka yanka wajen 1913 don su ture baƙar fata daga bakin ruwa, rikicin filin da ya kai ga rataye Rudolf Duala Manga Bell a watan Agustan 1914, ita ce ta zama gidan kakanninmu fatake da mahauta da maɗinka. A can komai kusa yake. Masallaci, kasuwa, makaranta, gidan mai unguwa, duk da ƙafa ake zuwa, kuma in malami ya ga yaro yana gantali ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Yau ɗaki ya yi mana kaɗan a New Bell. Wanda Allah ya hore wa ya sayi fili a Logbessou ko Yassa ko PK 14, wanda bai kai nan ba ya kama haya a Ndogbong kamar ni, wasu sun haye gada zuwa Bonaberi. Mun kwashe kaya da iyali mun tafi, amma wannan sanayya da ke tsakanin uba da makaranta mun baro ta a tsohuwar unguwa.

Garin ma ba irin wanda muka sani ba ne. Ƙidayar 1987 ta sami mutum dubu ɗari takwas da 'yan kai a Duwala. Ta 2005 ta sami miliyan 1.9. Yau ana maganar sama da miliyan uku, kuma yawancin ƙarin nan a gefen gari ya sauka, a Duwala ta uku da ta huɗu da ta biyar. Tun daga 2016 rikicin yankunan masu magana da Ingilishi ya koro iyalai masu yawa, yaransu suka shigo azuzuwan da dama a cike suke. Ba laifinsu ba ne, kowa ya ga wuta gudu zai yi. Sai dai gidaje suna tsirowa kamar naman kaza, makarantar gwamnati kuwa sai a shekara nawa ba a ga sabon gini ba. A nan Ndogbong muna da harabar Jami'ar Duwala a ƙofar gida, ɗalibai na wucewa da jakunkunan kwamfuta, amma ɗan aji uku yana zaune su huɗu a bencin mutum biyu. Ƙasar da ta gina filin ƙwallon Japoma mai cin mutum dubu hamsin ba za ta ce aji shida ya gagare ta ba.

A watan Fabrairun 2000 Shugaba Paul Biya ya sanar da cewa firamaren gwamnati ta zama kyauta. A takarda haka ne har gobe. A ƙasa kuwa, ɗan kayan aikin da ake aiko wa makaranta a farkon shekara, alli da rajista da 'yan takardu, sau da yawa yakan iso a makare, in ya iso ma ba ya kaiwa ko'ina. Malaman da gwamnati ta turo ba sa isa, sai a ɗauko na wucin gadi waɗanda iyaye ke biya daga aljihunsu. Benci, kwanon rufi, mai gadi, duk daga kuɗin APEE. A lise ma haka: kuɗin da doka ta sani sefa 7,500 ne a azuzuwan farko, 10,000 a na gaba, tun 2018 ma ta waya ake biya, amma kowa ya san na APEE yakan ninka wannan. To ka ga ashe makarantar nan da muke kira ta gwamnati, rabinta tamu ce, da guminmu take tafiya. Mutumin da ke zuba jari a shago ba ya barin a yi lissafi ba ya nan. Mu da muka gaji kasuwanci kaka da kakanni, a nan kaɗai muke biya mu juya baya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne karatun rabin yini. Inda yara suka yi yawa, makaranta biyu ke raba gini ɗaya: wannan mako rukuni na ɗaya da safe, na biyu da rana, mako mai zuwa a juya. Ga maƙwabcina Kirista wannan matsalar wanda zai kula da yaro ce kawai. Gare mu ta fi haka. Makon da 'yata ke shiga da rana, azahar da la'asar a aji suke samunta, babu ruwan alwala, babu inda za ta raɓa. Islamiyyar yamma kuwa ta tafi ke nan, sai mako mai zuwa. Malamin allo ya gaji da yaran da ke zuwa mako ɗaya su ɓace mako ɗaya, ya ce ba su da himma. Malamin lekol ya ga yarinya ta kai shekara goma sha biyu tana fashi kwana uku kowane wata, bai san rashin bayan gida mai ƙofa ne ya hana ta zuwa ba. Daga nan sai uba ya ce to ta zauna gida. Wallahi yarinya nawa muka rasa a kan abin da bai fi kuɗin fenti ba. Kuma babu wanda ya yi mana wannan da gangan. Wanda bai san ana alwala ba, ta yaya zai sa famfo a lissafi in ba a faɗa masa ba?

Na san amsar da wasu za su ba ni, don an sha ba ni ita: mu gina namu. Ina girmama masu makarantun Faransanci da Larabci, ɗan'uwana ma can ya kai nasa, kuma na ga amfaninsu. Amma mu yi wa juna gaskiya. Mai tura baro a Kasuwar Kwango, da mai gadi, da mai yankan farce, da bazawara mai 'ya'ya biyar, ba za su iya kuɗin makarantar kuɗi ba ko an yi musu rangwame. In masu hali da masu baki a cikinmu duk suka janye 'ya'yansu, wa ya rage ya yi magana a madadin sauran? Sannan ko ka yi firamare a makarantar Musulunci, yawanci a lisen gwamnati za ka ƙare, tare da 'ya'yan Duwala da Bamileke da Bassa da Ewondo. A bencin nan ne ɗanka zai san wanda gobe zai zama likita ko kwamishinan 'yan sanda, shi ma ya san ɗanka da suna, ya daina kiransa "Hausa" kawai. Mu 'yan tsiraru ne a garin nan. Zama gefe bai taɓa yi mana rana ba.

Akwai kuma laifin da ba na kowa ba ne sai namu. Takardar haihuwa. Ana haihuwa a yi suna, a yanka rago, a ci a sha, ba wanda ya tuna da ofishin magajin gari. Yaro ya yi shekara shida yana karatu, ranar cika takardun jarrabawar CEP da ta shiga lise sai a ce ina takarda? Lokaci ya wuce, sai an bi ta kotu, ga kuɗi ga jeka-ka-dawo. Bara na raka wani maƙwabcina wannan zirga-zirga, muka yi ta cin cunkoson Ndokoti a kan babur har wata biyu. Kafin takarda ta fito an rufe rajista, yaron ya maimaita aji. Da ya ci jarrabawar bana kuma, wani ya same mu a bakin wata lise ya ce gurbi ya ƙare amma in an "yi magana" za a samu. Ba mu yi maganar ba. Muka rubuta takarda, muka bi layi, muka koma sau huɗu, aka ɗauke shi. Da uban shi kaɗai ne, da ba ya jin Faransanci sosai, na tabbata da ya biya ko ya haƙura.

Malaman nan ma kada mu ɗauke su abokan gaba. Waɗanda suka ajiye alli a 2022 suna cewa sun gaji da haƙuri, wasunsu shekaru suka yi suna aiki ba a daidaita musu albashi ba. Mutumin da ke tsaye gaban yara tamanin cikin zafin kwano, in ya ga uba ya zo gaishe shi ba don faɗa ba, ba ya mantawa da yaron.

Dokar Disambar 2019 ta ɗora gini da gyaran makarantun firamare a wuyan ƙananan hukumomi. Ma'ana, maganar aji da famfo da filin sabuwar makaranta a Yassa ko Logbessou ba sai an je Yawunde ba, ofishin magajin garin yankinka ne. Muna da 'yan majalisa da ke zuwa neman ƙuri'a a ƙofar masallaci duk lokacin zaɓe. A tambaye su fili nawa aka ware wa makaranta a unguwannin da ake ta yankawa ana sayarwa. Limamanmu kuma, da ke sanar da ɗaurin aure da jana'iza bayan sallar Juma'a, ba zai gagare su ƙara jimla ɗaya ba: gobe akwai taron iyaye a makaranta kaza, ƙarfe tara. Wanda Faransanci ke ba shi kunya ya zo mu zauna tare, zan fassara masa. Mata ma su matso gaba, su ne suka san abin da ke hana yarinya zuwa.

An ce za a sake zama bayan hutun Disamba don duba yadda aka kashe kuɗin zangon farko. Na riga na sa an rubuta maganar famfo a ajandar ranar. Matar nan 'yar Bassa ta ce za ta zo da mutum goma. Ni kuwa zuwa yanzu mutum bakwai suka yi mini alkawari, biyu daga ciki sun ce in Asabar ɗin ba ta zo daidai da saukar kaya a tashar jirgin ruwa ba.